Ƙarin Karatu da Lissafi na Mako-mako ga 'Yan Firamare: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malamai suka fi maimaitawa, a taron iyayen yara da kuma bakin ƙofar makaranta lokacin tashi. An fara da na share fage, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Mene ne ƙarin karatu na mako-mako, kuma da me ya bambanta da lesin?

Ɗan lokaci ne da ake warewa kowane mako, a gida ko a makaranta ko a zauren unguwa, domin yaro ya ƙarfafa karatunsa da lissafinsa. Lesin da muka saba da shi yawanci maimaita darasin aji ne: malami ya sake rubuta abin da ya rubuta da safe, yara su sake kwafa. Shi kuwa wannan zama ba ruwansa da inda manhaja ta kai. Inda yaron ya tsaya ake dubawa, daga nan a ɗora. Ɗan aji huɗu da bai gama sanin haruffa ba, haruffa za a yi da shi. Ɗan aji biyu da ke karanta labari tiryan-tiryan, a ba shi wanda ya fi tsawo.

Yarona kullum yana zuwa makaranta. Me zai sa ya buƙaci wani ƙari?

Zuwa makaranta daban, iya karatu daban. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kashi 90. Da yawa daga cikin yaran nan suna cikin aji, suna da kayan makaranta, littattafansu cike da rubutu.

Abin da ke faruwa a fili yake. Ana ciyar da yaro gaba kowace shekara ko ya iya ko bai iya ba, malami kuma yana bin manhajar ajin da aka ba shi. Yaron da haɗa baƙi da wasali ya kuɓuce masa a aji ɗaya, babu wanda zai koma masa a aji uku, domin a lokacin ana maganar nahawu da insha'i. Sai ya koyi dabarun ɓuya: ya kwafi allo da kyakkyawan rubutu, ya bi bakin 'yan aji idan ana amsawa tare. Iyaye su ga littafi cike su samu natsuwa. Saboda haka kada ku dogara da littafin rubutu ko katin sakamako kaɗai; ku gwada shi da kanku yadda aka bayyana a amsa ta gaba.

Yaya zan gane matakin da yaro yake?

Gwajin minti goma ne, kuma ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. Ku rubuta haruffa goma a warwatse, ba bisa jerin abacada ba, domin yara da yawa sun haddace jerin kamar waƙa. Ƙarƙashinsu ku rubuta kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rana, ƙofa, tsuntsu, makaranta. Sai jimloli huɗu gajeru, sai labari mai layi takwas zuwa goma. Ku fara da jimlolin. In ya karanta su ba tare da tuntuɓe da yawa ba, a haura zuwa labarin, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa a sauko zuwa haruffa. Inda ya tsaya da ƙafarsa, nan ne matakinsa.

Lissafi ma haka: ya karanta lambobi daga 1 zuwa 9, sai masu gurbi biyu kamar 47 da 74, sai tarawa, sai ɗebewa mai aro kamar 52 a cire 27, sai rabawa. Ku zuba ido a kan ɗebewa mai aro, domin a nan ne ake gane wanda ya fahimci gurbin lamba. Yaron da ya ba da amsar 35 maimakon 25 ba sakaci ya yi ba. Ya ga ba a cire 7 daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 7. Wannan kuskure yana gaya muku ainihin abin da za ku koyar mako mai zuwa.

Wannan salon gwaji ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa shi, tare da tsarin raba yara bisa matakin iyawarsu maimakon ajinsu. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka daɗe suna auna tsarin, kuma an ga yana aiki. A Kano an gwada shi ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Da Hausa za mu fara ko da Turanci?

Da harshen da yaron ke magana da shi a gida. In Hausa ce, da Hausa. Iyaye da yawa ba sa son jin wannan, domin suna ganin jarrabawa da Turanci ake yi, kuma gaskiyarsu ne. Amma koyon karatu aiki biyu ne: gane yadda haruffa ke zama sauti, da fahimtar abin da sautin ke nufi. Yaron da aka fara masa da Turanci alhali bai ji harshen ba, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda, kuma ko ya furta kalmar daidai ba shi da hanyar sanin ya yi daidai.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Yaron da ya iya ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya, domin kalmomin Hausa gaɓa-gaɓa suke tafiya: ma-ka-ran-ta. A Turanci harafi ɗaya kan fita da sauti uku ko huɗu. Abin da yaro ya koya a Hausa, wato bin layi daga hagu zuwa dama, haɗa sauti, tsayawa a aya, duk yana tafiya da shi zuwa Turanci. A kan wannan fahimta aka gina shirin RANA a Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, dukkansu da Hausa suka riƙa fara koyar da karatu a ƙananan azuzuwa.

Wannan ba ya nufin a jingine Turanci. A riƙa yin sa da baki tun farko, gaisuwa, sunayen abubuwa, gajerun waƙoƙi, har kunnen yaro ya saba. Idan ya kai matakin karanta labarin Hausa, sai a shigo da karatun Turanci gadan-gadan.

Ga boko, ga Islamiyya, ga aike. Ina lokacin yake?

Ba dogon lokaci ake nema ba. Minti 15 zuwa 20 sau huɗu a mako, da zama guda mai ɗan tsawo na kamar minti 45 a ƙarshen mako, sun isa. Gajeren zama da ake maimaitawa ya fi awa uku a rana ɗaya amfani nesa ba kusa ba, domin ƙaramin yaro ba ya riƙe hankali wuri ɗaya na dogon lokaci, kuma abin da aka bari kwana shida ba a taɓa ba yakan zube.

A gidaje da yawa tsakanin Magariba da Isha'i ya fi dacewa, ko bayan cin abincin dare. Inda Islamiyya ke hutun Alhamis da Juma'a, yammacin waɗannan ranaku ya dace da dogon zaman. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sa yaro gaba yana shigowa gida da yunwa da gajiya.

Me za mu riƙa yi a ɓangaren karatu kowane mako?

Ya danganta da matakin da gwaji ya nuna. Mai matakin haruffa, a ɗauki harafi biyu ko uku a mako, kada a wuce haka. A faɗi sautinsa, ya rubuta shi a ƙasa da yatsa, ya nemo abubuwa biyar a cikin gida da sunansu ya fara da shi. A haɗa shi da wasula a kan 'yan guntayen kwali, ya riƙa jera su yana fitar da kalma: ka da za, kaza, ra da go, rago. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da ƙw, a ba su makonsu na musamman, a jera masa baki da baƙi, kafa da ƙafa, ya ji bambancin da kunnensa kafin ya gani da ido.

Mai matakin kalma ko jimla, babban aikinsa maimaita karatu. A zaɓi gajeren labari guda na mako. Ranar farko babba ya karanta yaro yana bin layi da yatsa, rana ta biyu su karanta tare, ta uku ya karanta shi kaɗai, ta huɗu ya karanta wa ƙanensa ko kakarsa. Wasu iyaye suna ganin maimaita labari ɗaya ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Ta nan ne harshe ke sakewa, har yaro ya daina fama da haruffa hankalinsa ya koma kan ma'ana.

Dogon zaman ƙarshen mako kuwa na labari ne da rubutu. A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tsakiya a tambaye shi me yake zaton zai faru, kuma don me. Bayan an ƙare ya sake ba da ita da bakinsa, sannan ya rubuta jimla uku a kanta. Kacici-kacici ma kayan aiki ne: a rubuta “shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya” a takarda, sai ya karanta kafin ya nemi amsa, kuma za ku ga yadda son cin gasa ke sa shi dagewa.

A ɓangaren lissafi fa?

A fara da abin da hannu zai taɓa, sannan zane, sannan lamba. Tsinken tsintsiya ya fi komai amfani a nan. Yaro ya ƙirga goma ya ɗaure da zare, wannan ɗauri ɗaya kenan. Lamba 34 ta zama ɗauri uku da tsinke huɗu. Idan aka zo cire 27 daga 52, zai ga tsinke biyu ba za su ba da bakwai ba, dole ya kwance ɗauri guda. Wannan kwancewa ita ce aron da ake ta faɗa masa a allo bai gane ba. Murafun kwalba da ƙwallon dabino suna yin aikin rabawa: guda 20 a raba wa mutum huɗu, sannan guda 22, ya ga da idonsa abin da ake kira saura.

Mako-mako a riƙa sauya wasa. Wani mako a buɗe kanti a tsakar gida, a yanka takardu a matsayin naira 50, 100, 200 da 500, shi ne mai kanti, ya yi lissafi ya ba da canji. Wani mako awo: gwangwani nawa ke cika mudu, taku nawa ne daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ya fara cinta sannan a auna. Wani mako a yanka lemo ko ƙuli-ƙuli a yi rabi da kwata. Wasan dara, mai ramuka 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, yana koyar da hangen gaba da lura da tsari, kuma yara ba sa ɗaukarsa karatu.

Akwai wani abu da ya kamata a kula da shi. Yaro yana jin kuɗi da ƙirga da Hausa a kasuwa, a aji kuma da Turanci, sau da yawa bai san abu ɗaya ba ne. A riƙa haɗa masa uku: ya ji “saba'in da biyar”, ya rubuta 75, ya faɗe ta da Turanci.

Haddar jadawalin sau tana da amfani, ko ta tsohon yayi ce?

Tana da amfani ƙwarai, kuma yaranmu sun saba da hadda. Sharaɗin kawai shi ne fahimta ta riga ta. Ya jera murafun kwalba layi uku, huɗu-huɗu, ya ƙirga 12, ya juya su ya ga layi huɗu uku-uku ma 12 ne. Da zarar ya gane 7 sau 8 daidai yake da 8 sau 7, kusan rabin haddar ya sauka daga kansa. A fara da gidan 2, 5 da 10, sai 3 da 4, a bar 6, 7 da 8 zuwa ƙarshe. Gida ɗaya a mako ya isa, kuma a riƙa tambaya a warwatse, domin wanda sai ya faro daga sau ɗaya kafin ya kai sau bakwai bai riƙe ba tukuna.

Ni ban yi boko ba. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai da yawa, kuma wani ɓangaren babu mai yin sa kamar ke. Tatsuniya, karin magana, hira a kan abin da aka gani a hanya, duk suna cika wa yaro rumbun kalmomi, kuma da wannan rumbu yake fahimtar abin da zai karanta. Uwar da ke sayar da ƙosai ko ɗinki tana yin lissafin ka fiye da yadda take zato. Ki sa shi ya ƙirga ciniki, ya faɗi canji kafin ki faɗa. Ki ce ya karanta miki, ki tambaye shi abin da labarin ya ce. In bayanin bai haɗu ba za ki ji, ko ba ki san harafi ɗaya ba. Gwajin da aka bayyana a sama kuwa, yayansa ko wani ɗan sakandare a maƙwabta zai iya yi.

Ba mu da littattafan yara a gida, kuma sun yi tsada.

Ku yi naku. Yaro ya ba da labari, babba ya rubuta da manyan haruffa, jimla ɗaya a shafi, yaron ya yi zane, a ɗinke da zare. Littafi ɗaya a mako, kafin zango ya ƙare kuna da fiye da goma, kuma ya fi son su domin maganarsa ce. Rubutun jikin buhu da kwalin magani da allunan shaguna duk abin karantawa ne. Masu babbar waya za su samu labaran yara da Hausa kyauta a shafukan African Storybook da StoryWeaver. A sauke, in da hali a buga a shagon kwamfuta, gidaje uku ko huɗu su riƙa musaya.

In bar masa waya ya koya da manhajojin yara?

In babba na zaune kusa, na ɗan lokaci, babu laifi. Waya ba ta jin inda yaro ya yi tuntuɓe a karatu, kuma wanda aka bar shi da ita shi kaɗai bidiyo zai koma.

Ɗiyata tana aji biyar amma ba ta iya karatu ba, kuma kunya take ji. An makara?

Ba a makara ba. Manyan yara sukan yi sauri fiye da ƙanana idan aka koma musu tushe, domin hankalinsu ya fi nuna kuma sun daɗe suna ganin haruffa. Babbar matsalar ita ce kunya, don haka a yi zaman a keɓe, ba gaban ƙannenta ba, kuma kada a ba ta littafin 'yan aji ɗaya mai hoton jarirai. A rubuta mata kalmomi daga rayuwarta, sunayen ƙawaye, kayan miya, unguwanni.

Bulala da gori ba su da wuri a wannan zama, kuma wannan magana ce da ba ta da sassauci. Yaron da ke tsoron duka ba ya gwada karanta kalmar da bai tabbatar da ita ba, alhali gwadawar ita ce koyon. In ta yi kuskure a ba ta daƙiƙa biyar ta gyara da kanta, in ta kasa a nuna gaɓar farko, in ta kasa a faɗa mata a wuce. Kalmar “daƙiƙiya” da ake jifan yara da ita tana zama a zuciya shekaru bayan an manta darasin.

Nawa yaron ya wuce 'yan ajinsa, har yana cewa makaranta ta gundure shi. Me zan ba shi?

Kada a ƙara masa irin lissafin da ya riga ya iya. Shafi uku na tarawa hukunci ne a wurinsa. A ba shi abin da zai sa ya tsaya ya yi tunani. Misali: a wani gida akwai kaji da awaki, kawunansu 10, ƙafafunsu 28, nawa ne kowanne? A bar shi ya zana, ya gwada, ya ɓata, har ya kai ga awaki huɗu da kaji shida, sannan a ce ya bayyana yadda ya yi. Ko ya duba gidan 9, wato 9, 18, 27, 36, ya faɗi abin da ya lura da shi in aka tara lambobin kowace amsa. Ko ya tsara kasafin cefanen mako da kuɗin da aka ƙayyade masa.

A karatu, a ba shi dogon littafi da zai ɗauki makonni, ya riƙa rubuta wasiƙa ga ɗan'uwa, ko ya yi hira da kakansa a kan yadda garinsu yake a da ya rubuta. Ya koya wa ƙanensa ma yana da kyau, amma kada ya zama aikinsa kenan kullum.

Ni malami ne, ajina ya haura yara 80. Yaya zan yi wannan?

Kai kaɗai a aji ɗaya, da wuya. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ku haɗa kai da hedimasta da malaman aji uku zuwa shida, a gwada yaran duka, a ware awa ɗaya a ranakun da aka amince, a rarraba su bisa mataki: masu haruffa wurin malami ɗaya, masu kalma wurin wani, masu labari wurin na uku. Cikin kowane rukuni a yi ƙananan da'irori na yara shida zuwa takwas, kowace da jagora. Bayan mako huɗu zuwa shida a sake gwaji, wanda ya haura a matsar da shi gaba. In ba a yin wannan, rukunin ƙasa zai zama tambari a goshin yaro. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da harkokin makaranta, da ƙungiyar iyaye za su iya samo kwali, tabarmi da matasan unguwa masu sa kai.

Yaya zan san ana ci gaba, kuma yaushe zan nemi taimakon wani?

Ku ajiye ƙaramin littafi. Sau ɗaya a wata yaro ya karanta labarin da bai taɓa gani ba na minti ɗaya, ku ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ku rubuta da kwanan wata, ku yi masa tambaya biyu. A lissafi ku ba shi tambayoyi biyar irin na gwajin farko da sababbin lambobi. Da kansa za ku gwada shi, wato watan jiya da na yau, ba da ɗan maƙwabta ba.

In an yi zango guda ana zama a kai a kai babu motsi, a fara duba lafiya. Yaron da ke matse ido, ko kai littafi dab da fuska, ko yawan cewa “na'am?” idan an yi magana, a kai shi asibiti a duba ido da kunne, musamman in ya taɓa fama da ciwon kunne mai zubar ruwa ko sanƙarau. In waɗannan lafiya lau ne amma har yanzu yana rikita haruffa, yana manta abin da ya iya jiya, alhali a magana da sauran al'amura yana da kaifi, ku zauna da malaminsa, ku nemi a haɗa ku da malamin da ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ku tafi da ƙaramin littafin nan, domin shi zai nuna masa abin da aka gwada da inda aka tsaya.